Yadda ake gwada siririyar laftof mai tsada kafin a biya kuɗi

Laftof ɗin nan sirara marasa nauyi, su MacBook Air, ThinkPad X1 Carbon, Dell XPS 13, LG Gram, HP Spectre, Zenbook na Asus, duk wanda ya ɗaga ɗaya da hannu guda sai ta kwanta masa a rai. Tun watan Janairun 2008 da Steve Jobs ya zaro MacBook Air ta farko daga cikin ambulan a gaban jama'a, kamfanoni ke ta rige-rigen rage kauri, har Intel ya zo a 2011 ya raɗa wa irinsu suna Ultrabook. To amma sirantar nan fa ba a banza aka samu ba. An matse wurin da iska za ta bi, an manne RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, a jikin bod, babban allon da ke cikinta, ta yadda ba ka isa ka ƙara ba, an rage ramukan da ake jona kaya, wasu ma an cire musu fanka gaba ɗaya. Laftof mai kauri in ka yi kuskure wajen saye, gobe ka kai wa mai gyara ya ƙara RAM ya canja wannan ya canja wancan. Siririya kuwa yadda ka saye ta haka za ka zauna da ita, kuma galibinsu ba sa nuna halinsu na gaskiya sai sun ɗau zafi. Shi ya sa gwajin minti biyar a bakin shago bai gaya maka komai ba wallahi.

Abin da zan faɗa nan ya shafi sabuwa da ta hannu duka, amma na fi karkata ga ta hannu, tunda mafi yawanmu a Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village ta Ikeja muke saye, kuma a can tokumbo ce ta fi yawa.

Kafin ka bar gida ka zuba manhajoji huɗu a filasha: HWiNFO, CrystalDiskInfo, CrystalDiskMark da Cinebench R23, dukkansu kyauta ne kuma ana iya kunna su ba sai an yi instol ba. In Mac za ka duba ka ƙara coconutBattery mai duba lafiyar batir da Cinebench na Mac. Ka ɗau iyafis, ka tabbata akwai data a wayarka don hotspot, in kana da wayar HDMI ita ma jefa ta a jaka. Da ka isa ka gaya wa mai shago kai tsaye, "Alhaji zan zauna da ita kamar awa ɗaya, in ta yi min ba za mu ja ciniki da nisa ba." Mai kaya na gari zai ba ka kujera har ya aika a sayo maka ruwa. Wanda ya fara cewa ai babu caji, ai wani ma yana hanya zai zo ɗauka, ka yi masa sallama kawai.

Farko ka tabbatar abin da aka ce maka ita ce, ita ɗin ce. Kar ka tsaya a sitikar da ke kusa da kibod, ana sayar da sitika. Kar ma ka tsaya a abin da Windows ya rubuta a About, don akwai masu shiga rajistiri su canja sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof ɗin, i5 ta koma i7 a rubuce. Kashe ta, ka kunna ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, maɓallin da ake dannawa a ThinkPad F1 ne, a Dell F2, a HP F10, ka karanta furosesa da RAM da lambar siriyal a can, sannan ka juya bayanta ka gani ko lambar ta yi daidai da wadda ke jikin murfin ƙasa. In sun bambanta to an canja bod ko an canja murfi, ba lallai matsala ba ce amma dole ya yi maka bayani kuma dole kuɗi ya sauka. Sai ka ɗau lambar ka saka a shafin kamfanin a wayarka, Apple na da checkcoverage.apple.com, Dell na da abin da suke kira Service Tag, Lenovo ma na da nasu, za ka ga samfurin da shekarar da garanti ya ƙare, a Dell da Lenovo har kayan da ta fito da su daga kamfani za ka gani.

Tunda kana cikin BIOS, duba makulli, don nan ne mutane suka fi yin asara mai ciwo. Laftof masu tsadar nan da yawa na kamfanoni ne a Turai da Amurka da suka sallama bayan shekara uku ko huɗu, wasu an cire su daga rajistar kamfanin yadda ya kamata wasu ba a cire ba. In BIOS ya tambaye ka fasawod ko ka ga saiti sun yi toka-toka ba sa taɓuwa, akwai fasawod ɗin shugaba a kai, kuma a ThinkPad na zamani cire batirin bod ba ya goge shi. Ka nemi wurin da aka rubuta Absolute ko Computrace, in yana kunne to wani daga nesa zai iya kulle ta. Na uku shi ne Autopilot, shi ba ya nuna kansa sai ranar da ka sake Windows ka jona intanet, kawai ka ga sunan wani kamfani ya bayyana yana neman imel ɗin ma'aikaci. A Mac kuma akwai Activation Lock, makullin da ke ɗaure ta da asusun Apple na mai ita, ga duk mai guntun Apple na T2 ko M1 zuwa sama, da kuma MDM, tsarin da kamfani ke sarrafa kwamfutocinsa daga nesa. Hanya mafi tabbas ita ce a goge ta a gabanka, a Mac a danna Erase All Content and Settings, a Windows a yi riset, sannan ka jona ta da hotspot ɗinka ka bi saitin farko har ƙarshe. In Remote Management ya fito ko aka nemi Apple ID na wani, ajiye musu kayansu. Za su ce maka "ai an yi baifas, ba ta da matsala", ƙarya ce, ranar da ka yi ofdet ko ka goge ta makullin zai dawo, ka zauna da ƙarfen da ba ya komai.

Jikinta ba zai ɗau lokaci ba. Ajiye ta a tebur mai santsi ka danna kusurwa huɗun, in tana rawa to ta lanƙwashe ko batir ya kumbura. Kalli maus ɗin jikinta daga gefe, wurin da ake shafawa da yatsa, in ya ɗago sama ko ya ƙi dannuwa, batir ne ke turo shi daga ƙasa. Buɗe murfin ka rufe a hankali kana saurare, hinji bai kamata ya yi ƙara ba, kuma sikirin ya tsaya inda ka bar shi. Duba kawunan sukurorin ƙasa ko sun cinye. In an lulluɓe ta da leda mai kyau ka ce a ɗaga gefe ɗaya, sau tari lotsewa ake rufewa. Abu ɗaya dai, kar ka ɗauka duk mai ɗan lanƙwasa ba ta da ƙarko: LG Gram da gaurayen magnesiyam aka yi ta, in ka matsa murfinta za ta ɗan ba da kai, haka take daga kamfani, shi ya sa mai inci 14 ba ta ko cika kilo ɗaya sosai ba kuma mai inci 17 ke wajen kilo 1.35. X1 Carbon na wajen kilo 1.1, MacBook Air M1 kilo 1.29, M2 kuma 1.24, ita alminiyam ce, ba ta lanƙwasa amma in ta faɗi tabon ya zauna kenan.

Sikirin kuma ka buɗe hoto fari fat ya cika fuska, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi. A fari kake ganin tabo da wurin da haske ya yi yawa saboda an danne ta a cikin jaka, a baƙi kake ganin haske na tsiyaya daga gefe, a sauran kake kama ɗigon da ya mutu. In sikirin irin na OLED ne ka buɗe launin toka ka duba ƙasa ko inuwar taskba ta ƙone a jiki. Sai ka ƙure haske ka fita da ita bakin ƙofa. Ana auna haske da nit, 300 na cikin ɗaki ne kawai, M1 Air na da 400, M2 na da 500, kuma a ranarmu bambancin a fili yake. Samfuri ɗaya kan fito da sikirin kala-kala, musamman ThinkPad da HP, wani ma an fasa na asali an sa mai araha, don haka ka duba a HWiNFO ka ga sunan sikirin ɗin. Ni dai a inci 13 ko 14 ban ga amfanin 4K ba, ido ba ya ganin bambancin sosai amma batir na gani.

Kibod ka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli, har su F1 zuwa F12, ka kunna fitilar ƙarƙashinsa. Ka lura ko na Jamus ne da Z ke wurin Y, ko na Faransa, ko na Japan da aka liƙa wa sitika. MacBook Air na 2018 da 2019 suna da kibod ɗin nan da ake ce wa butterfly wanda 'yar ƙura kaɗan ke sa harafi ya maƙale ko ya fito sau biyu, Apple da kansu sun daina shi, to ka yi tunanin abin da hunturu zai yi masa a nan. Kowane ramin USB-C ka gwada shi da caja, ka gwada da filasha, ka juya kan wayar ka sake, don wani yana caji amma ba ya karanta komai. XPS 13 na baya-bayan nan ramuka biyu kacal gare su, mai lamba 9320 ko ramin iyafis babu, in ɗaya ya mutu ka ga inda aka kwana. Kyamara, makirfo, lasifika, Wi-Fi, Bluetooth, na'urar yatsa, minti uku sun ishe su.

Yanzu ga inda maganar take. Mutane na shiga kasuwa suna cewa "ni dai i7 nake so", masu shago kuma sun gane, sai su miƙo tsohuwa. Lambar da ke bayan i7 ɗin ita ce magana. i7-7500U zubi na 7 ce, kor biyu gare ta, wato sassan da ke raba aiki a cikin furosesa. i5-8250U da ta biyo ta da zubi ɗaya kor huɗu gare ta, ta fi ta aiki nesa ba kusa ba. Haka i5-1235U ta zubi na 12 na da kor goma, i7-1165G7 ta zubi na 11 na da huɗu. Sannan Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 yake farawa, Windows 10 kuma Microsoft sun daina tallafa masa tun 14 ga Oktoban 2025, don haka duk siririyar da ke ƙasa da zubi na 8, komai kyan jikinta, ba ta cancanci kuɗin manya ba. Harafin ƙarshe ma ka kula da shi, U na nufin wajen wat 15, P wajen 28, kuma P a cikin siririn jiki ta fi gudu amma ta fi zafi da shan batir.

Ko ka samu furosesa mai kyau, tambayar ita ce jikin zai iya riƙe ta? Adaidaita sahu ba a gane ƙarfin injinsa a fili ba kowa a ciki, sai ya cika fasinja ya kama hawan gadar Ƙofar Nasarawa. Jona caja, ka sa Windows a Best performance, ka buɗe HWiNFO a ɓangaren sensa ka ajiye shi gefe. Buɗe Cinebench ka yi gwajin kor duka zagaye ɗaya tak, ka rubuta makin. Ba tare da ka bar ta ta huce ba ka sake kunna na minti goma, kana kallon abu uku: zafin furosesa, gudunta, da wat ɗin da take ja. Abin da za ka gani a kusan kowace siririya shi ne a sakannin farko ta yi tsalle ta ja wuta da yawa, zafi ya haura 90, sannan ta sauko ta daidaita a wani wuri. Wannan ba laifi ba ne, haka aka tsara su. Inda ta daidaita shi ne ainihin ƙarfinta, shi kake saye. A ganina in maki na biyu ya gaza na farko da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari babu damuwa. In ya zube da kashi ɗaya cikin uku, ko ka ga zafi ya manne a 100 ya ƙi sauka, ko gudu ya faɗi ƙasa da gigahaz ɗaya, to ko man da ke kan furosesa ya bushe, ko ƙura ta toshe mafitar iska, ko fanka ta gaji. Waɗannan ana gyara su da kuɗi kaɗan, amma ka sa su a ciniki. In kuwa ta mutu ɗif a tsakiyar gwaji, kar ka saurari wani bayani.

Yayin da gwajin ke tafiya ka kasa kunne kusa da fanka, huci na iska daidai ne, amma ƙarar gurzawa ko kaɗawa alamar ta kusa mutuwa ce. Ɗora tafin hannu a kan kibod da inda hannu ke hutawa, ka ji ko za ka iya awa biyu kana rubutu a haka. Ka kuma tuna shagon da ke da AC yana ɓoye rabin matsalar. Apple sun rubuta cewa a yi aiki da MacBook tsakanin digiri 10 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40, ɗaki ba wuta ba fanka. MacBook Air daga M1 ta 2020 zuwa yau ba ta da fanka ko ɗaya, shiru take kuma ƙura ba ta da hanyar shiga sosai, don rubutu da burauza da kallo da ɗan gyaran hoto babu kamarta, amma in aikinka haɗa dogon bidiyo ne kullum za ta rage gudu in ta yi zafi, gara ka nemi MacBook Pro. Masu furosesar Snapdragon X da suka fito a 2024 suna riƙe caji sosai, sai dai Windows ɗinsu na Arm ne, wani tsarin furosesa daban da na Intel, wasu tsofaffin manhajoji da direbobin firinta da wasanni ba sa tashi a kai, don haka ka je da manhajar da kake cin abinci da ita ka gwada a wurin.

RAM ba dogon zance. Tunda a manne take, 8GB a laftof mai tsada yau ni ban ba da shawara ba, Apple ma da suka daɗe suna kare 8GB sun koma 16GB a Air tun Oktoban 2024. In mai shago ya ce "saya mai 8 daga baya mu ƙara maka", a X1 Carbon ko XPS 13 ko Air, ko bai sani ba ko yana so ya sallame ka ne. SSD kuma, wato ma'ajiyar fayiloli, a X1 Carbon da Gram ana canjawa, a MacBook Air ba a canjawa, XPS 13 mai lamba 9315 ma a manne take. Buɗe CrystalDiskInfo ka ga lafiyarta da awannin da ta yi a kunne, in an ce maka "ba a wani yi amfani da ita ba" kuma ka ga awa 9,000, ka nuna masa da yatsa. CrystalDiskMark zai ba ka gudun SSD ɗin a megabait cikin sakan: wajen 550 tsohon salo ce da ake kira SATA, 3,000 zuwa 3,500 NVMe ce mai kyau, sababbi kan kai 7,000. M2 Air mai 256GB an san SSD ɗinta ya fi na M1 jinkiri saboda guntu ɗaya aka sa maimakon biyu, ba lalacewa ba ce.

Batir shi ne dalilin da ya sa ake sayen irin waɗannan tun farko, balle mu da wuta ke zuwa ta ga dama. A Windows buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye fayil ya nuna maka inda yake, ka buɗe ka nemi Design Capacity da Full Charge Capacity. Misali X1 Carbon mai batir mWh 57,000 daga kamfani in yanzu 41,000 take cika, ka raba, kashi 72 kenan ya rage. Sama da 85 madalla, ƙasa da 70 ka sa kuɗin sabon batir a lissafi, ka kuma tambayi ko ana samun na asali, don na Gram da Spectre ba ko'ina ake samu ba. A Mac ka shiga System Information ka duba Power, akwai adadin zagayen caji, Apple sun ƙiyasta 1,000 wa Air, kuma in an rubuta Service Recommended ka san me ke nan.

Amma lambobin nan ana iya wasa da su, batirin jabu kan nuna kashi 100 da zagaye sifili alhali awa biyu ba ya yi. Don haka bayan gwajin zafi ka bar ta ta huce, ka zare caja, ka sa haske rabi, ka kunna bidiyo ta intanet na rabin awa. In ta ci kashi 5 to wajen awa goma kenan, in ta ci 10 awa biyar, in ta ci 20 kar wani ya gaya maka tana kwana. Ka kula ko lambar na sauka a hankali ko tana tsalle daga 60 zuwa 45 lokaci guda, wannan alamar wani sashe na batirin ya mutu. Caja ma ka duba ta, Dell na nuna wat ɗin caja a BIOS, in ya kasa gane ta yakan rage gudun furosesa ya ƙi caji yadda ya kamata, mutum ya yi ta zargin laftof alhali cajar ce jabu. In kana da fawa bank mai wat 65 ka je da shi ka gwada, ranar da aka kwana uku ba wuta za ka gode wa kanka.

Kafin ka tashi ka bar ta ta duba kanta: Dell ka danna F12 wajen kunnawa ka zaɓi Diagnostics, ThinkPad F10, Mac mai Intel ka riƙe D, mai M kuma ka riƙe maɓallin kunnawa har zaɓi ya fito sannan Command da D. Duk abin da ka gano ka rubuta a wayarka, batir kashi kaza, tabo a kusurwar hagu, caja ba ta asali ba, da shi za ka yi ciniki ba da "haba Alhaji a rage mana" ba. A rasit a rubuta samfuri, lambar siriyal, RAM, SSD, da kwanakin garanti, a kuma fayyace ko ya haɗa da sikirin da batir da makulli, don garantin baki in ka dawo sai a ce yaron da ya sayar maka ya tafi gida. Kwanakin garantin nan kuma kar ka ajiye ta a kwali kana lallaɓawa, ka yi duk ofdet ɗin da ke jira, ka ɗora mata aikinka mafi nauyi da tsakar rana, ka bar batir ya sauka har ƙasa ko sau ɗaya, ka rufe murfi da dare ka duba da safe ko ta sha caji tana barci.